Yadda Za Ka Fara Ɗaukar Hoton Rana da Taurari a Katsina

Yawancin masu sha'awar hoton sararin samaniya da dare suke so su fara, saboda hotunan taurari masu launi da suke gani a waya. Shawarata ga mutumin Katsina ko Daura ita ce ya fara da rana. Muna da ita kusan kullum, ba ta buƙatar ka fita bayan gari cikin duhu, kuma aikinta bai cika wuce rabin awa ba da hantsi. Abin da hannunka zai koya a kanta, wato saita gilashi, auna haske da haɗa hotuna a kwamfuta, shi ne dai za ka yi amfani da shi a kan wata da taurari. Fuskar rana kuma ba fara fat ba ce kamar yadda ake zato. Akwai tabo baƙaƙe a jikinta da ke fitowa, su girma, su ɓace, wasunsu sun fi duniyarmu faɗi. Wanda ya bayyana a watan Mayu 2024 ya kai faɗin duniya wajen sau 15.

Ido tukuna

Kafin a yi zancen kyamara sai an gama zancen ido. Gilashin kyamara da na madubin hangen nesa tara haske suke yi wuri guda. Idan ka sa idonka a bayansu suna fuskantar rana ba tare da kariya ba, kafin ƙiftawa ɓarnar ta auku. Fatar da ke can bayan ido, wadda hoto ke sauka a kanta, ba ta jin zafi, don haka babu abin da zai gargaɗe ka. Sai bayan wasu awanni mutum ya ga wani duhu a tsakiyar ganinsa, kuma sau da yawa ba ya warkewa.

Akwai dabarun da muka taso muka ga ana yi, kuma duk ba su kare ido: kallon rana a cikin kwanon ruwa, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, baƙin tabarau ko da an ninka biyu ko uku, faifan CD, takardar hoton ƙashi ta asibiti. Suna rage hasken da ido ke gani, amma suna barin wanda ba a gani ya wuce. Gilashin masu walda ma sai idan lambar duhunsa 14 ce, kuma yawancin waɗanda ke hannun masu walda ba su kai haka ba, wasu ma babu lamba a jikinsu. Tabarau na kallon kusufi mai lambar inganci ISO 12312-2 yana da kyau don kallo da ido kai tsaye, amma kada ka sa shi sannan ka leƙa ta madubin hangen nesa, hasken da madubin ya tara zai huda shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hazo. A watan Disamba da Janairu rana takan koma farin faifai, ka dube ta ba ka runtse ido ba, yara ma su tsaya suna nuna ta. Ƙurar ta dusashe ta ne kawai, ba ta mayar da ita abin ƙura wa ido ba. Dokar ɗaya ce rani da damina: ba a fuskantar da gilashi ga rana sai da matatar haske ta gaskiya a gabansa. A gaba na ce, wato ɓangaren da ke kallon rana. Wasu madubai masu araha suna zuwa da wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a wurin sa ido. Ka jefar da shi. Yana zaune daidai inda zafi ke taruwa, kuma yana iya tsagewa idonka na wurin.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Idan akwai madubin hangen nesa mai ido biyu a gida, kana iya ganin tabon rana yau ba tare da ka dube ta ba. Rufe ɗaya daga cikin gilasan gaba. Huda kwali ka zura shi a jikin madubin don ya yi inuwa a baya. Juya wa rana baya, ka riƙe madubin babban gilashinsa na fuskantar ta, ka sa farar takarda a bayansa da tazarar kamar kamu ɗaya. Ka yi ta karkata shi har farin da'ira ya faɗo a takardar, sannan ka murɗa wurin saitawa har bakin da'irar ya yi kaifi. Idan akwai babban tabo a ranar, zai fito kamar ɗigon tawada. Ɗauki hoton takardar da wayarka, ka samu hoton rana na farko. Kada ka bar madubin yana kallon rana fiye da minti ɗaya a jere, zafi na lalata abin da aka manne gilasan ciki da shi, kuma kada ka matsa ko nan da can ka bar shi inda yaro zai leƙa.

Haɗa matatar haske

Abu na farko da za ka sa kuɗi a kai shi ne ledar matata. Wadda aka fi sani ita ce Baader AstroSolar, ta wani kamfani a Jamus, siririya mai ƙyalli, ana sayar da ita da girman takardar A4. Iri biyu ce. Mai lamba 5.0 tana barin kashi 1 cikin 100,000 na haske ya wuce, ita ce ake iya kallo da ɗaukar hoto da ita. Mai lamba 3.8 ta hoto ce kaɗai, ba a sa ido a bayanta. Mai farawa 5.0 zai saya. Ta intanet ake yin oda, kuma ka saya daga dillalin da aka san shi da kayan hangen taurari, domin akwai jabu. Takarda ɗaya za ta ishi mutum biyu ko uku, sai ku haɗa kuɗi.

Nemi kwali mai kauri, almakashi, gam da salatif. Yanke zobe biyu na kwali, ramin tsakiyarsu daidai da faɗin gilashin gaba, bakinsu kuma ya ɗara shi da kamar santimita 3. Yanke ledar ta ɗan fi ramin faɗi. Ka lura tana zuwa da wata takardar kariya a jikinta, sai an ɓare ta. Shimfiɗa ledar a kan kyalle mai tsabta, ka ɗora zobe ɗaya mai gam a kanta, ka juya, ka manna na biyun, ta zauna a tsakani. Kada ka ja ta ta yi tsantsan. Gara ta ɗan yi tattara, wannan ba ya ɓata hoto, jan ne ke ɓatawa. Daga nan yanke dogon kwali ka naɗa a bakin gilashin kyamarar sau biyu ko uku ya zama bututu mai kama jiki, ka manna zoben a bakinsa. Idan ya bushe, gwada: ya shiga da ɗan ƙarfi, kuma idan ka kifa kyamarar ka girgiza kada ya faɗo. Duk da haka, duk ranar aiki ka ƙara masa salatif a gefe biyu. Iskar bazara ba ta sallama.

Kafin kowane amfani, ɗaga matatar ga kwan lantarki mai haske ka duba. Idan ka ga huda ko yagewa, ta tashi aiki. Ajiye ta a roba mai murfi, inda ba yatsa ba ƙura. Idan madubinka na da ƙaramin madubi a bayansa na nemo abu, cire shi ko ka rufe gabansa ka naɗe da salatif.

Da me za a ɗauka

Waya ita kaɗai, da matata a gaban idonta, za ta ba ka ɗan farin ɗigo ne. Rana a sama faɗinta rabin digiri ne kacal, don haka sai an jawo ta. Lissafin mai sauƙi ne: raba tsawon gilashinka, wato lambar milimita da aka rubuta a jikinsa mai nuna ƙarfin jawowarsa, da 109, abin da ya fito shi ne faɗin ranar a cikin kyamara. Gilashi mai milimita 300 zai ba ka rana mai faɗin kusan milimita 3, mai 700 ya ba ka 6 da ɗoriya. Allon da ke karɓar hoto a yawancin kyamarorin Canon da Nikon na masu farawa tsayinsa wajen milimita 15 ne, ka ga ke nan ko mai 1,000 zai ɗauki rana gaba ɗayanta da sauran fili.

Hanya mafi kusa a garinmu ita ce kyamarar masu hoton biki. Da yawansu suna da gilashin 70 zuwa 300 ko 55 zuwa 250 wanda ba sa cika amfani da shi, kuma ana samun na hannu a shagunan kyamara. Wannan ya isa ya nuna manyan tabo sarai. Hanya ta biyu ƙaramin madubin hangen nesa ne mai baki milimita 70 ko 80, ka ɗaura waya a wurin sa ido da maƙalar da aka yi don haka. Riƙe waya da hannu a wurin wahala ce kawai. Ko wacce ka bi, kana buƙatar ƙafa uku mai nauyi. Idan taka mai rawa ce, rataya jarkar ruwa ko jakar yashi a tsakiyarta, kuma kada ka zare ƙafafun har ƙarshe.

Akwai ƙananan na'urori irin su Seestar S50 da ke nemo rana da kansu, su turo hoto a waya, kuma da matatarsu suke zuwa. Suna aiki. Amma wanda ya fara da su ba ya sanin dalilin da hoto ya yi kyau yau ya lalace gobe, shi ya sa ba na gaggawar tura mai koyo can.

Iska ta fi kaya muhimmanci

Nan ne hoto ke kyau ko ya mutu. Ka taɓa kallon mutum ta saman tukubar mai tsire, ka ga fuskarsa tana rawa? Haka rana ke yi a cikin kyamara idan ƙasa ta ɗauki zafi, domin iska mai zafi tana tashi tana karya haske. Kyamarar miliyoyi ba ta maganin wannan. Lokaci ne maganinsa. Da sassafe rana na ƙasa-ƙasa, haskenta na ratsa iska mai kauri da ƙura. Da azahar kuwa gari ya gasu. Tsakani ake nema, daga wajen ƙarfe 8 zuwa 10 na safe. A watan Afrilu da Mayu ka matso da shi baya, don kafin 9 ma kwano ya fara ƙara.

Wurin tsayuwa ma haka. Duba abin da ke ƙarƙashin hanyar da kyamararka ke kallo ta gabas. Idan rufin kwano ne, ko kwalta, ko dandamalin siminti, ko hayaƙin janareta, matsa. Fili mai ciyawa, lambu, ko gefen ruwa sun fi. A cikin gari, tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa ta fi saman bene da ke kallon tekun kwanuka.

A lissafin shekara, lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hazo bai sauko ba. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare a damina ma takan yi kyau ƙwarai idan gari ya washe. Cikin hazo ana iya aiki, tabo na fitowa, sai dai hoton ya yi fari-fari kuma sai ka ƙara wa kyamara lokaci. Wani abu kuma: Katsina da Daura suna wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta rana kan tsaya daidai tsakar ka da rana tsaka. Yawancin ƙafa uku ba sa iya ɗaga kai haka, wani dalilin ke nan na riƙe hantsi.

Ɗaukar hoton

Sa matata tun kana cikin inuwa, ka ɗaure ta, sannan ka fito. Kada ka nemi rana da ido. Dubi inuwar kyamarar a ƙasa, ka yi ta juya ta har inuwar gilashin ta tsuke ta zama da'ira, a nan ranar za ta shigo allo ko ta kusa. Idan gilashinka mai zuƙowa ne, fara da gajeren, ka kawo ta tsakiya, sannan ka zuƙo. Yi aiki da allon baya, ba ramin leƙawa ba.

Juya kyamara zuwa M, inda kai ke da iko da komai. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100, buɗin gilashi f/8, saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa a matsayin mafari. Idan tsakiyar ranar ta yi fari fat, ƙara sauri zuwa 1/1000. Idan ta yi duhu, sauko 1/250. Gara hoton ya ɗan yi duhu da ya ƙone, don abin da ya ƙone ba ya dawowa. Zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, idan akwai.

Saitin kaifi shi ne wurin da za ka daɗe. Kashe saitin da kyamara ke yi da kanta. Rufa da baƙin zane, kai da allon, in ba haka ba hasken gari ba zai bar ka ka ga komai ba. Girmama hoton a allo sau 10, ka kai shi kan tabo ko bakin rana. Murɗa zoben a hankali ka wuce wurin kaifi, ka dawo, ka sake wucewa, har hannunka ya gane tsakiyar. Za ka ga bakin yana tafasa, ya lafa na ɗan lokaci, ya sake tafasa. A lokacin lafawar ake yanke hukunci. Idan ya zauna, manna ɗan salatif a zoben. Bayan minti goma ka sake dubawa, don ƙarfe na buɗewa idan ya ji rana.

Kada yatsanka ya girgiza kyamara: sa jinkirin daƙiƙa 2 ko ka yi amfani da rimot. Ɗauki hotuna 50 zuwa 100 a jere, ko bidiyo na daƙiƙa 30 zuwa 60. Za ka lura ranar tana gudu a allo. Duniya ce ke juyawa, digiri 15 a kowace awa, don haka cikin minti 2 rana na matsawa da faɗin kanta. Sa ta a gefe ka bar ta ta ratsa. Lulluɓe jikin kyamarar da farin tawul, kuma idan ka gama, kawar da ita daga rana kafin ka taɓa matata.

Idan ka ga ɗigo kana shakka, tabo ne ko ƙura, bar ranar ta matsa. Tabo na tafiya tare da ita, ƙura na nan inda take.

A kwamfuta

Dalilin ɗaukar hotuna da yawa shi ne, a cikin ɗari akwai 'yan kaɗan da suka faɗo daidai lokacin da iska ta lafa. Manhaja za ta tsamo su ta ɗora su a kan juna. Duk waɗanda zan ambata kyauta ne, kuma tsohuwar laftof mai Windows na ɗaukarsu. Fara da PIPP: ita ke kawo rana tsakiya a kowane hoto, ta yanke baƙin gefe, ta haɗa su fayil ɗaya. Buɗe fayil ɗin a AutoStakkert, ka sa ta tantance, za ta jera hotunan daga mai kyau zuwa maras kyau. Zuba ɗigogin daidaitawa a kan fuskar ranar, ka ce ta riƙe kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, ta haɗa. Abin da zai fito zai yi laushi, kada ranka ya ɓaci. Kai shi ImPPG ko RegiStax ka fito da kaifinsa kaɗan-kaɗan. Da zarar ka ga farin zobe ya kewaye bakin rana ko tabo, ka wuce gona da iri, koma baya. Matatar Baader farar rana take bayarwa. Ruwan lemon da kake gani a hotunan mutane a manhajar gyaran hoto ta GIMP ko makamanciyarta aka sa shi, kuma idan ka sa, ka faɗa.

Yanzu dubi abin da ka samu. Babban tabo na da baƙar cibiya da kewaye mai ruwan toka. Ba rami ba ne, wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya tare zafin da ke tasowa daga ciki, sai ya sauka wajen digiri 3,500 zuwa 4,000 a ma'aunin Celsius alhali kewayensa na wajen 5,500. Bakin rana ya fi tsakiyarta duhu, kuma a can ne ake ganin wasu fararen zane-zane kusa da tabo. Ɗauki hoto kwana biyar a jere za ka ga tabon ya matsa, don rana na juyawa sau ɗaya cikin kusan kwana 27 a ganinmu, tabo na ratsa fuskarta cikin mako biyu. Rubuta kwanan wata da lokaci a sunan kowane fayil, ka gwada naka da hoton ranar na kumbon SDO na hukumar NASA, wanda ke aiki tun 2010. Yawan tabo na hawa da sauka cikin kimanin shekara 11. Zangon da ake kira na 25 ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 aka sanar ya kai ganiyarsa, don haka a shekarun da ke biye tabo raguwa za su yi ta yi. Ranar da ka samu fuska wayam ma ka ajiye hoton, shi ma shaida ne.

Wannan atisayen zai yi maka rana lokacin kusufi. Manya na tuna na 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a nan Katsina. Na 2 ga Agusta 2027 cikakke ne a Masar da Makka, mu ɓangare za mu gani, saboda haka matata ba za ta sauka ba daga farko har ƙarshe. Na 20 ga Maris 2034 zai ratsa Najeriya ta wajen Legas. A 13 ga Nuwamba 2032 kuma Uɗaridu, wato Mercury, duniyar da ta fi kusa da rana, zai gifta ta gabanta kamar ƙwayar gero baƙa.

Jajayen harsunan wuta da kake gani a gefen rana a wasu hotuna ba sa fitowa da wannan matata. Sai da madubi na musamman irin na Lunt ko Coronado, mai tace jan hasken haidurojin kaɗai, kuma da tsada. Akwai matata mai irin wannan suna da ake sayarwa don hoton dare, ita ba ta kare ido daga rana ko kaɗan.

Idan dare ya yi

Wata ne mataki na gaba, kuma girmansa a kyamara ɗaya ne da na rana. Cire matata, fara da ISO 100, f/11, 1/100 idan ya cika, ka rage sauri idan rabi ne. Daren 14 ba shi ne mafi kyau ba, haske na faɗo masa kai tsaye ya shafe inuwa. Daga daren 5 zuwa 9 ne ramuka da duwatsunsa ke fitowa a kan iyakar haske da duhu. Bidiyo da haɗawa duk iri ɗaya ne da na rana. Jinjirin wata kuwa, wanda kowa ke son ya kama musamman gab da azumi, kada ka fara lalubensa da gilashi sai rana ta faɗi gaba ɗaya. A dare na 2 ko na 3, ba shi daƙiƙa 1, za ka ga sauran jikinsa mai duhu ya bayyana da hasken da duniya ke mayar masa. Jinjirin wata a gefen Hasumiyar Gobarau hoto ne da ya cancanci a nemi izinin masu kula da wurin a tsaya a yi shi da kyau. Garin da ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata ya rasa masu ɗaga kai ba.

Taurari gajeren gilashi suke so, mai milimita 18 da ke zuwa da kyamara ya isa. Buɗe shi iyakarsa, ISO 1600 ko 3200, ka saita kaifi da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗan tsinin ɗigo. Don kada taurari su ja wutsiya, raba 500 da tsawon gilashi, idan kyamarar mai ƙaramin allo ce ka sake rabawa da 1.5. Mai 18 zai ba ka wajen daƙiƙa 18, ni 15 nake sawa. Ɗauki 20 zuwa 40, sannan ka rufe gilashin da murfinsa ka ƙara 10 ba tare da canza komai ba, waɗannan baƙaƙen su ke nuna wa manhaja dattin da kyamara ke haifarwa da kanta. Haɗa su a Sequator, DeepSkyStacker ko Siril. Hotuna 16 na rage yashi-yashin hoto sau 4. Wayar da ke da saitin Pro ma tana iya wannan idan ta zauna a kan ƙafa uku.

Sa manhajar Stellarium a waya ta nuna maka abin da ke sama. Matsayinmu a duniya alheri ne, muna ganin taurarin kudu da mutanen Turai ba sa gani. A Oktoba da Nuwamba akwai Kaza da 'ya'yanta, da tarin taurarin Andiromida mai nisan tafiyar haske shekara miliyan 2.5. Daga Disamba zuwa Fabrairu rukunin taurarin Jauza'u, wato Orion, na hawa sama sosai, inda ƙura ta fi sauƙi, kuma a ƙasan taurarinsa uku da ke jere akwai gajimaren da ke fitowa ja-ja ko a daƙiƙa 5. Tauraron Suhailu mai haske na can kudu. Farin zanen nan da ya ratsa sama, wanda malamai ke kira Majarra, ɓangarensa mafi kauri na fitowa da asuba a Maris da Afrilu, da farkon dare a damina, sai ya karkata yamma a Oktoba. Nemi dararen ƙarshen watan sama da farkonsa, lokacin da babu farin wata.

Za ka karanta cewa sai an yi nisa da gari. A halin da ake ciki, ban yarda kowa ya shiga daji da dare don hoto ba. Tsakar gida ko saman soro ya isa, musamman idan an ɗauke wuta. Idan za ku je gidan 'yan uwa a ƙauye, ku isa da rana, ku kwana, ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri abin da kuke yi, domin mutum da ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu abin tambaya ne. Sa takalmi rufaffe saboda kunama, ka naɗe tocila da jar leda don kada ta kashe maka ganin duhu, wanda ido kan ɗauki minti 20 kafin ya samu.

Ƙura ce za ta ci kayanka idan ka yi sake. Kada ka canza gilashi a waje lokacin hunturu. Hura ƙura da 'yar robar hurawa kafin ka sa kyalle, in ba haka ba yashi za ka goga a gilashin. Da kaka raɓa na sauka bayan tsakar dare, ka bar kaya su sha iska a ɗaki kafin ka rufe su a jaka. Idan ka kai inda daƙiƙa 15 ta yi maka kaɗan, abin saye na gaba ba sabuwar kyamara ba ce, ƙaramin inji ne da ke juya kyamara yana bin taurari. Ana saita shi da tauraron arewa, wanda a nan yake digiri 13 kawai sama da ƙasa, don haka tun yanzu ka nemi kusurwar gidanku da katanga ko bishiya ba ta tare arewa ba.